Kada A Yanke Wa Littafi Hukunci Ba A Ji Shaidarsa Ba

Ya ku 'yan makaranta, akwai wani irin littafi na Turanci wanda ya sha zagi a bakin manya fiye da laifinsa. Shi ne labarin da a ke tara iyali a gida ɗaya lokacin bikin Kirsimeti, a wayi gari an kashe mai gidan, sa'an nan wani mai bincike ya zo ya bi diddigi har ya tona wanda ya yi. Waɗansu malamai da iyaye in sun ga irinsa a hannun yaro sai su karɓe, su ce aikin banza ne, ko su ce zai koya masa mugunta. Mu kuwa mun ce wannan hukunci an yi gaggawa cikinsa, kuma yawancin masu yanke shi ba su taɓa karanta ko guda ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Alƙalin ƙwarai ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin wanda a ke ƙara. To, bari mu kawo littattafan nan gaban shari'a, mu ji abin da a ke tuhumarsu da shi, mu ji amsarsu.

Da fari sai ku san su wane ne. An fi yayin rubuta irin labarun nan a Ingila tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. A 1936 Mavis Doriel Hay ta fitar da The Santa Klaus Murder, inda aka harbe wani attajiri cikin ɗakin karatunsa ranar Kirsimeti, 'ya'yansa da jikokinsa na gidan. A 1937 J. Jefferson Farjeon ya fitar da Mystery in White, labarin matafiya da ƙanƙara ta tsai da jirgin ƙasansu, suka fake a wani gida suka tarar an hura wuta an shirya shayi, amma babu kowa ciki. A 1941 Georgette Heyer ta fitar da Envious Casca, inda aka soke wani tsoho mai faɗa cikin ɗakinsa, ƙofa kuwa a kulle. A 1951 wani alƙali na Ingila da ya ke rubutu da sunan Cyril Hare ya fitar da An English Murder. Amma sarkinsu duka shi ne Hercule Poirot's Christmas, watau Kirsimetin Poirot, wanda Agatha Christie ta fitar a watan Disamba na 1938, aka sayar da shi sule bakwai da sisi. Sunan mai binciken nata da bakin Faransa a ke faɗinsa, Fuwaro, domin shi mutumin Beljiyam ne.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice, ba za mu kuwa tona muku ƙarshensa ba. Wani tsoho mai suna Simeon Lee ya tara dukiya mai yawa daga lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, ya komo Ingila ya zauna a wani babban gida. Ya gallaza wa matarsa har ta mutu, ya raina 'ya'yansa maza huɗu. Ɗaya ya zauna tare da shi yana yi masa biyayya kamar bara, ɗaya wakili ne a majalisar dokoki amma da kuɗin uban ya ke rayuwa, ɗaya ya bar gida don baƙin cikin abin da aka yi wa uwarsa, na huɗu kuwa ɗan yawon duniya ne. Da tsohon ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya aika musu duka su zo Kirsimeti, har da wata jika daga ƙasar Sifen wadda ba su taɓa gani ba. Suna tsammanin sulhu ya ke nufi. Da suka taru gabansa sai ya buga wa lauyansa waya suna ji, ya ce yana so ya sāke wasiyya, sa'an nan ya juyo ya zage su ɗaya ɗaya. A daren nan, jajiberen Kirsimeti, aka ji kujeru da tebura suna faɗuwa a ɗakinsa a bene, aka ji wata irin kururuwa. Aka ɓalle ƙofa, domin a kulle ta ke daga ciki, aka tarar da shi an yanke masa maƙogwaro, babu kowa a ɗakin, lu'ulu'un da ya ke ajiyewa a akwatin ƙarfe kuma sun ɓace. An raba littafin kashi bakwai, ko wane kashi kwana ɗaya, daga 22 har 28 ga Disamba.

Mai yiwuwa wani ya ce, don me marubutan nan suka zaɓi ranar farin ciki su zuba mata jini? Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A Ingila ƙarshen Disamba tsakiyar hunturu ne, rana ta kan faɗi a Landan tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, wani lokaci ƙanƙara ta toshe hanyoyin ƙauye. Wanda ya shiga gida ya shiga ke nan, baƙo ba ya zuwa, na ciki ba ya fita. Saboda haka mai karatu ya san lalle mai laifin yana cikin mutum goma ko sha biyun da a ke cin abinci da su. Dalili na biyu kuwa Poirot da kansa ya bayyana shi cikin littafin. Ma'anar zancensa ita ce, a lokacin biki a kan tilasta wa mutanen da ba su jituwa su zauna wuri ɗaya suna yi wa juna murmushi, kowa ya danne abin da ke zuciyarsa, abin da aka danne kuwa da ƙarfi ya kan fito. Duk wanda ya taɓa zama inda 'yan uba suka taru don biki ya san wannan magana ba a Ingila kaɗai ta tsaya ba.

Sai kuma zancen wasiyya, wanda in ba ku fahimce shi ba rabin labarun nan zai wuce ku. A shari'ar Musulunci mutum ba ya yin wasiyya da abin da ya wuce sulusin dukiyarsa, sauran kuwa kowane magaji da rabonsa sananne. A Ingila ta wancan zamani ba haka ba ne. Mutum yana da iko ya rubuta takarda ya bar dukiyarsa duka ga wanda ya ga dama, ya hana ɗan cikinsa ko anini. Sai a 1938 aka yi dokar da ta ba matar mamaci, da 'ya'ya mata marasa aure, da 'ya'ya maza ƙanana ko naƙasassu, damar kai kuka kotu a yanka musu abin ci. Ɗa namiji babba mai lafiya ba ya cikin waɗanda dokar nan ta rufa wa asiri. Kun ga ke nan, sa'ad da Simeon Lee ya ce a kira lauya, wuƙa ya ɗora a wuyan kowane ɗa nasa, kuma kowane ɗa ya sami dalilin da zai so uban ya mutu kafin lauya ya iso.

To, yanzu ga ƙara ta farko. Sun ce karatun irin wannan ɓata lokaci ne. Babban mai wannan ƙara shi ne Edmund Wilson, wani mashahurin mai nazarin littattafai na Amurka, wanda ya yi rubutu a mujallar New Yorker a 1944 da 1945 yana cewa ya gwada karanta su ya ga ba adabi ba ne, wata 'yar jaraba ce kamar shan taba. Har ya sa wa ɗaya daga cikin rubutun nasa kan magana mai tambayar wa ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd, watau mutumin da aka kashe cikin wani littafin Christie na 1926. Wilson malami ne, ba mu raina iliminsa ba. Amma ya auna littattafan nan da mudun da ba nasu ba. Ya je neman daɗin lafazi da zurfin halin mutane, bai samu yadda ya ke so ba, ya yi fushi. Wanda ya je kasuwar dabbobi neman alharini ai ba kasuwar ce ta yi laifi ba.

Abin da ke cikin littattafan nan shi ne horon hankali, kuma da ƙa'ida a ke yinsa. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Kirista na ɗariƙar Katolika wanda shi ma ya rubuta irin labarun, ya jera dokoki goma. Daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon littafi. Ba a yarda a ce aljani ko fatalwa ne suka yi ba. Ba a yarda a kawo wata guba da duniya ba ta san ta ba. Ba a yarda mai bincike ya gano gaskiya ta hanyar sa'a ko wani jin jiki da ba shi da dalili ba. Duk alamar da ya gani kuma sai a nuna wa mai karatu ita nan take. A 1930 marubutan suka kafa ƙungiya a Landan mai suna Detection Club, G. K. Chesterton ne shugabanta na farko, masu shiga kuwa su kan yi alkawari za su yi wa mai karatu adalci. Ba ko wane marubuci ne ya kiyaye dokokin duka ba, Christie ma ta kan lanƙwasa waɗansu da gangan. Amma tushen yana nan: an ba ka duk abin da aka ba mai bincike, in ya riga ka isa, hankali ya fi ka sa wa.

Ku dubi abin da wannan ya ke koya wa yaro. Cikin ɗakin da aka kashe Simeon Lee, jikar nan ta sunkuya ta tsinci wani ɗan guntun roba da ɗan katako ƙarami. Marubuciyar ta faɗi wannan a fili, ta wuce. Mai karatu da gaggawa ba zai tuna ba, mai lura kuwa zai tsaya ya ce, me ya kawo roba ɗakin tsoho? Hakanan tsohon baran gidan ya yi ta gunaguni cewa idonsa ya fara rikicewa, yana ganin kamar abin da ya faru ya sāke faruwa. Wanda ya ɗauke shi zancen tsufa ya yi hasarar babbar alama. Sa'an nan Poirot ya kan tambayi kowa inda ya ke sa'ad da aka ji kururuwa. Wannan ya ce yana buga waya, wancan ya ce yana kaɗa piyano, sai a ɗora maganar wani bisa ta wani a ga inda ba su haɗu ba. Yaron da ya bi wannan a hankali ya koyi raba abu uku da manya da yawa su ke cakuɗawa: abin da mutum ya gani da idonsa, da abin da ya ji an ce, da abin da ya zata. Wane darasi ne cikin jadawalin makaranta ya fi wannan amfani ga wanda wata rana zai zama alƙali, ko likita, ko malami, ko mai unguwa?

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Zato zunubi, in ji masu magana, amma kullum a kan ga an ɓata sunan mutum, wani lokaci ma an taɓa lafiyarsa, don kawai wani ya nuna shi da yatsa. In abu ya ɓace a ɗakin kwanan 'yan makaranta, wa a ke fara tuhuma? Sabon zuwa, ko talaka, ko wanda ba shi da abokai. Labarun nan kuwa kusan dukansu an gina su ne don su kunyata irin wannan zato. Wanda kowa ya fara zargi, da wuya ya zama shi ne. Yaron da ya karanta goma daga cikinsu, aka kā da zatonsa sau goma, zai yi nauyin baki ranar da jama'a suka taso wa wani, zai ce a kawo hujja tukuna.

Ga kuma ribar harshe. Yaro ba ya iya Turanci da nahawu kaɗai, sai ya karanta shafi ɗaruruwa da son ransa. Christie ta rubuta littattafan bincike 66 kafin rasuwarta a 1976, da Turanci mai sauƙi, yawancinsa taɗi ne tsakanin mutane. Wanda ya matsu ya san wa ya yi kisan zai ci shafi ɗari biyu cikin kwana uku ba tare da an tsaya kansa da bulala ba. Nuna mana wani littafin nahawu da ya taɓa yin haka.

Ƙara ta biyu ta fi ta farko nauyi. Sun ce labarun nan suna koya wa yara kisan kai, suna kuma zubar da girman iyaye, tun da a ciki 'ya'ya suna fatan mutuwar ubansu. Amsa ita ce a dubi inda labarin ya ke ƙarewa. Mai kisa a nan ya kan yi dabara iyakar dabara, ya shirya ƙofa, ya shirya lokaci, ya shirya shaidu, sa'an nan wani ɗan abu da bai kula da shi ba ya kā da shi. A Ingila ta lokacin hukuncinsa rataya ne, sai a 1965 aka daina rataye masu kisan kai. Dukiyar da ya yi kisan dominta ma ba ya samu, gama a dokar Ingila wanda ya kashe mutum ba ya cin gādonsa, kamar yadda ya ke a shari'ar Musulunci. Yaron da ya rufe littafin, abin da ya rage masa a zuciya shi ne, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. In wannan ne koyar da mugunta, to, labarun alƙalai masu wayo da kakanninmu su ke bayarwa su ma sai a hana su.

Sanin da ke cikinsu ma ya taɓa ceton rai. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, can ta san sha'anin guba. A littafinta The Pale Horse na 1961 ta bayyana alamun wata guba mai suna taliyam, wadda ke sa gashin kai ya zube. A 1977 aka kawo wata jaririya daga ƙasar Katar zuwa wani asibiti a Landan, likitoci suka rasa gane ciwonta. Wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta littafin ta ga alamun sun yi daidai, ta faɗa, aka auna aka tarar ita ce, aka yi magani yarinyar ta rayu.

Zancen girman iyaye kuwa, a sāke duba littafin da kyau. Babu inda aka yabi ɗan da ya ƙi ubansa. Abin da aka nuna shi ne gidan da uba ya mai da dukiyarsa sanda, yana ba wannan yana hana wancan don ya ga sun rusuna, yana haɗa su faɗa don ya sami abin dariya. Ɗan da ya riƙe ƙiyayya shekara ashirin an nuna yadda ta cinye shi, matarsa tana ta roƙonsa ya bar abin da ya wuce. Uban kuma abin da ya shuka tun yana saurayi shi ya tsiro ya same shi a ɗakinsa da tsufa. Wannan wa'azi ne ga 'ya'ya, wa'azi ne kuma ga iyaye, wataƙila shi ya sa waɗansu manya ba su son jinsa.

Ƙara ta uku daga cikin gida ta fito. Raymond Chandler, wanda shi ma marubucin labarun bincike ne a Amurka, ya rubuta a 1944 cewa irin na Ingila ƙarya ta yi musu yawa. A ganinsa mai kisa na gaskiya ba ya zama ya ƙulla dabarar kulle ƙofa daga waje, kisa a lungu a ke yinsa, da fushi ko don kuɗi, 'yan sanda kuma ba su tara mutane a zaure su yi musu lacca. Wannan magana akwai gaskiya cikinta, ba mu musa ba. Ɗakin da aka kulle daga ciki wasa ƙwaƙwalwa ne, kamar dara, kuma ba wanda ya taɓa ƙin dara don ba ta yi kama da yaƙin gaske ba. Amma a wuri ɗaya marubutan Kirsimeti sun fi Chandler kusa da gaskiya. Su suka ce haɗari yana iya zama a cikin gida, a hannun wanda ka ke ci da shi ƙwarya ɗaya. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da manyan laifuffuka ya ƙiyasta cewa a 2017 an kashe mata wajen 87,000 a duniya da gangan, wajen 50,000 daga ciki kuwa mazansu ko samarinsu ko danginsu ne suka kashe su. Ashe in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba kullum ne ɓarawo ya ke haurowa ta katanga ba.

Duk da haka kada ku ce mun wanke littattafan nan tas. Suna da laifi na gaske, abin mamaki kuwa masu karɓe su daga hannun yara ba shi su ke ambata ba. Laifin shi ne raini. Cikin dokokin Knox akwai wadda ta ce kada a sa Basine cikin labari, domin marubutan ƙarya na lokacin sun mai da mutanen Sin dodanni, wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin iskar da a ke shaƙa a zamanin. Wani Ba'amurke mai rubutu da sunan S. S. Van Dine ya jera nasa dokoki ashirin a 1928, ya ce kada bara ya zama shi ne mai laifi, dalilinsa kuwa wai bara bai kai matsayin da za a damu da shi ba. Christie kanta ta fitar da wani littafi a 1939 da suna mai ɗauke da kalmar zagi ga baƙar fata, daga baya aka sauya shi ya zama And Then There Were None. A labarin Simeon Lee an yi ta neman lu'ulu'un da suka ɓace daga akwati, amma ba a tsaya an tambayi hannun wa ya tono irinsu daga ƙasa ba. Tarihi ya amsa: a Kimberley ta Afirka ta Kudu, tun daga wajen 1885, a kan tsare ma'aikata baƙaƙe cikin bariki mai shinge, ba su fita sai wa'adin aikinsu ya cika, a kan kuma caje jikinsu don kada su fita da dutse. Ɗan Afirka da ya karanta littafin bai tuna da wannan ba ya karanta rabi.

Maganin wannan laifi shi ne a karanta da ido buɗe, a yi wa marubucin irin tambayar da Poirot ya ke yi wa shaidu: me ka faɗa, me ka ɓoye, don me? Ku lura kuma da wani abu. Mafi kyawun littattafan nan su da kansu suna yi wa rainin ba'a. Poirot ɗan gudun hijira ne, tun littafin Christie na farko a 1920. Turawan Ingila su kan dubi gashin bakinsa da karyayyen Turancinsa su raina shi, su saki baki gabansa, da haka ya ke kama su. A littafin Cyril Hare, wanda ya warware kisan wani malamin tarihi ne Bayahude da ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, mutanen gidan suna kallonsa baƙo, alhali ya fi su sanin tarihin mulkin ƙasarsu, da sanin nan kuwa ya gano dalilin kisan.

Yanzu sai mu juyo kanku, 'yan makaranta, gama ku ma kuna da naku laifi, kuma shi ya ke ba masu ƙara ƙarfi. Akwai mai buɗe babin ƙarshe tun bai karanta na farko ba, don ya ga sunan mai laifi. Wannan kamar wanda ya kwafi amsar lissafi ne daga bayan littafi, ya cuci kansa. Akwai mai gama littafi ya bi abokansa yana faɗa musu wanda ya yi, wannan rowa ce da ta yi shigar kyauta. Akwai kuma mai ɓoye shi ƙarƙashin tebur malami na koyarwa. Irin wannan in an karɓe littafinsa ba a zalunce shi ba, kome da lokacinsa.

Ga yadda ya kamata ku yi. Ku ajiye littafin sai lokacin hutu ko bayan kun gama aikin gida. Ku sami takarda ku rubuta sunan kowa da dangantakarsa da mamaci, da abin da zai samu in mamacin ya mutu. Ku zana taswirar gidan, ku sa kowa a ɗakin da ya ce yana ciki. Ku rubuta lokatai a jere. Kalmar da ta gagare ku, ku nemi ƙamus. In kun kai inda mai bincike ya ce a tara jama'a, sai ku rufe littafin, kowa ya rubuta sunan wanda ya ke tuhuma da hujja uku, sa'an nan ku buɗe. In ba ku dace ba, ku koma baya ku nemo shafin da alamar ta wuce ku. Mai son ya fara da gajere, ya nemi labarin Sherlock Holmes mai suna The Blue Carbuncle, wanda Arthur Conan Doyle ya fitar a 1892. Shi ma a Kirsimeti ya faru, babu kisa ciki, dutse ne mai daraja aka tarar a cikin wata babbar agwagwa, kuma za ku ga yadda Holmes ya dubi tsohuwar hula ya karanta halin mai ita.

Ku kuma malamai da iyaye, muna roƙonku da girmamawa, kafin ku karɓe littafi ku ara ku karanta. In kun ga ɓarna a ciki, ku nuna wa yaron shafin, ku faɗa masa dalili, gama hani ba dalili shi ya ke sa yaro ya karanta a ɓoye. In kuwa kun ga abin da muka faɗa, ku shigo da shi aji. Ku karanta babi uku tare, ku raba yara gida biyu, waɗannan su tuhumi ɗa na fari, waɗancan su kare shi, ku kuwa ku zauna a kujerar alƙali. Littattafan ma ba su yi wuyar samu ba, domin har yanzu a na sāke buga su. Babban ɗakin karatu na Ingila da kansa ya sāke fitar da Mystery in White a 2014, aka yi ta rububinsa bayan shekara 77 da fitowarsa ta farko.

Mun ji ƙara, mun ji amsa. Laifin ɓata lokaci bai tabbata ba, na koyar da kisa bai tabbata ba, na raini ya tabbata, hukuncinsa kuwa a karanta a na lura. Saura ku, in hutu ya zo, kowa ya nemi guda ɗaya da takardarsa da fensirinsa. Allah ya ba mu hankalin da zai hana mu tuhumar mutum ba hujja, amin.